Lambu a Ƙasar da Sanyi Ba Ya Kashe Shuka: Zaɓen Iri da Rabonsa a Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi

Idan ka juya bayan ƙunshin irin kayan lambu da aka shigo da shi daga Turai, sau da yawa umarnin da za ka tarar na mutumin da ƙanƙara ke kashe wa shuka ne: ya dakata sai sanyi ya wuce sannan ya zuba iri. Wanda ya bi wannan shawara a Ƙauran Namoda ya yi asarar kuɗinsa da guminsa. Ko a tsakiyar Janairu, lokacin da tsofaffi ke jin ɗumi da asuba, yara na makyarkyata a hanyar makarantar allo, ba kasafai ma'aunin zafi ke sauka ƙasa da digiri 12 ba, kuma ba a taɓa wayar gari ruwan randa ya daskare ba. Mai kashe mana shuka ita ce bazara. Daga Maris zuwa farkon Mayu zafi kan haura digiri 40, rijiya ta ja baya, awaki su rasa abin ci su dawo kan duk wani koren ganye da idonsu ya gani.

Don haka tambaya biyu ce a gaban mai son lambu. In kayan miya ne masu gajeren rai, shin za su nuna kafin zafi ya sauko? In itace ne ko wata shuka mai daɗewa, shin za ta ƙetare Afrilu da ɗan ruwan da kake iya ba ta? Duk wanda ya amsa waɗannan kafin ya ɗauki fartanya ya rage wa kansa rabin wahala.

Maganar ta ƙara nauyi a shekarun nan. Rashin tsaro ya raba mutane da yawa a Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan Ƙaura da gonakinsu na nesa, wasu ma fadamar da suka gada a bakin Gagare ko Bunsuru ba sa iya zuwa kullum. Ɗan filin bayan ɗaki, da gefen rijiya, da inda ruwan alwala ke kwarara, yanzu su ne lambun gidaje da yawa.

Wata huɗu na hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu muna da abin da manomin Legas ko Fatakwal ba shi da shi: rana mai haske, dare mai sanyi, iska busasshiya wadda ba ta ɗauke da cututtukan ganye irin na damina. A wannan tsakanin ne tumatir da albasa da kabeji da latas da karas da tafarnuwa da lansir suke sakewa. Dalilin da ya sa ake shuka alkama a Bakolori da Kadawa daga tsakiyar Nuwamba ke nan, ba a kaiwa ƙarshen Disamba.

Babban kuskuren masu sabon lambu shi ne makara. Sai sun ji sanyi a jikinsu sannan su tuna da iri, alhali a lokacin ya kamata a ce shuka ta riga ta kama ƙasa. Ka yi lissafi da baya. Tumatir yana bukatar kamar mako huɗu a wurin reno, sannan wata biyu zuwa biyu da rabi bayan dashe kafin ka fara tsinka. Furensa kuwa ba ya jure zafi: da zarar rana ta wuce digiri 35, dare kuma ya daina sanyi, sai ka ga fure yana kakkaɓewa ba tare da ya ƙulla ɗa ba, komai takin da ka zuba. Wanda ya zuba iri a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba zai ci tumatir daga Janairu. Wanda ya bari sai Janairu zai yi ta ban ruwa ga ganye. A irin da ake samu a kasuwa, Roma da wanda manoma ke kira UTC sun fi dacewa da gida, domin 'ya'yansu na da tauri, ba sa saurin ruɓewa, kuma suna shanyuwa in sun yi yawa.

Albasa tana da nata sharaɗin da mutane kaɗan suka sani. Tsawon yini ne ke sa ta yin kai. Albasar Turai an saba mata da yinin da ke kai awa 14 zuwa 16, mu kuwa namu yinin tsakanin awa 11 da 13 yake duk shekara. In ka shuka waccan, lawashi za ka samu, kai kuwa babu. Nemi irin ƙasarmu: jar albasar Galmi ta Jamhuriyar Nijar, wadda sunanta ya zagaye Afirka ta Yamma, ko irin da manoman Aliero da Wurno da Goronyo suke ajiyewa. Tana yin mako shida zuwa bakwai a reno. In kaurinta ya kusa na fensir, a cire a dasa, tazarar yatsu huɗu zuwa biyar. Tafarnuwa ba a renonta, ɓare ta ake yi a binne kowane ɗa da kansa a sama, cikin Nuwamba.

Karas ba ya son dashe ko kaɗan. In ka tumɓuke shi ka mayar wani wuri, saiwar za ta rabu biyu ko ta karkace. A watsa shi inda zai zauna, a ƙasa mai yashi wadda ba a zuba mata ɗanyen taki ba, in ya fito a rage. Latas kuwa mai gaggawa ne, wata ɗaya da rabi ya isa ci, amma da zafi ya taɓa shi sai ya miƙe ya yi tsiri ya yi ɗaci. Gara ka riƙa zuba kaɗan-kaɗan duk bayan mako biyu daga Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu da ka cika fangali uku rana ɗaya.

Ni a ganina, babu shukar da aka raina a lambunan gida kamar lansir. Kwana biyu zuwa uku ya tsiro, mako uku ka yanka ka yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, ya sake tohowa. Tsohuwar roba ko fasasshen kwano ya ishe shi. Uwargidan da ba ta da fili ko taku biyu tana iya ajiye shi a bakin taga.

In Maris ya shigo, kada a yi jayayya da rana. A juya ga waɗanda zafi ba ya damunsu muddin akwai ruwa: alayyafo, kuɓewa, lalo, rama, yakuwa, gurji. Tattasai da attaruhu suna iya tsallake bazara in an yi musu rumfar kara mai barin haske, sai su farfaɗo da ruwan farko.

Itacen da zai zauna

A nan ne ake yawan zubar da kuɗi. Mutum ya je Jos ya ga tuffa ko 'ya'yan sitiroberi a bakin hanya, ya sayo dashe a leda ya kawo Ƙaura. Tuffa tana bukatar ɗaruruwan awoyi na sanyin da bai wuce digiri 7 ba kafin ta farka ta yi fure yadda ya kamata, wannan kuwa sai kan tsaunukan Filato da Mambila ake kusantarsa. A wurinmu za ta yi ganye shekara ɗaya ko biyu, sannan ta fara mutuwa daga sama. Inabi ya fi ta dama-dama, ga shi ana nomansa sosai a Kudan ta jihar Kaduna, amma yana son rumfa da sassabe a kan lokaci da ruwa mai yawa, ba aikin mai koyo ba ne.

Baƙuwar shuka ba laifi ba ce. Tumatir da barkono da gwanda da gwaiba duk daga nahiyar Amurka suka fito, mangwaro da dogon yaro daga Indiya. Dogon yaron da ya cika titunanmu sai a 1928 aka kawo shi Borno, shekara ɗaya kafin layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Abin da ya bambanta su da tuffa shi ne sun fito daga ƙasashe masu zafi, kuma an gwada su a nan shekara da shekaru. Shi ya sa mafi amincin wurin zaɓen itace shi ne unguwarku. Zaga cikin Afrilu, lokacin da komai ya galabaita, ka leƙa ta saman katanga. Itacen da ka gani kore shar a gidan da ka san suna sayen ruwa wurin 'yan garuwa, shi ne wanda za ka roƙa.

A irin waɗannan itatuwa, zogale ne kan gaba, babu gardama. Bayansa lemun tsami, wanda ya fi lemun zaƙi haƙuri da zafi nesa ba kusa ba, sai rumman da gwaiba da lalle. Gwanda tana ba da 'ya'ya cikin shekara guda, amma tana son ruwa a kai a kai, kuma in ruwa ya kwanta a gindinta kwana biyu sai saiwar ta ruɓe, saboda haka a ɗan tudu ake sa ta. Ayaba sai gidan da ke da magudanar ruwan wanka mai gudana kullum. Mangwaro kuwa a tuna girmansa: itacen da zai yi shekara arba'in yana faɗaɗa, ba a dasa shi taku uku daga bangon ɗaki ko ramin masai.

Mai son ado ya dubi kariya, wadda ke tsirowa a dajinmu ba mai kula ta, ta yi jan fure a tsakiyar rani lokacin da ba ta da ganye ko ɗaya. A Turai da Asiya cikin tukwane ake sayar da ita da tsada. Sai dai ruwan jikinta guba ne, kada a ajiye ta inda yara ke wasa.

Lokacin dasa itace shi ne bayan damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don ya sami wata uku na ruwan sama kafin a koma ga guga. Rami ya kai zurfin gwiwa, faɗinsa ma haka. A cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki da ɗan toka saboda gara. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, a bar shi ya huce tukuna. In rani ya yi, akwai tsohuwar dabarar da ta fi duk wani tiyo: a binne tulu marar shafe kusa da gindin, a bar bakinsa a waje, a cika shi da ruwa a rufe. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun kai tsaye zuwa saiwa, ciko ɗaya ya yi kwanaki. A lulluɓe gindin da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa jikin itacen, domin gara na bin ta. Sannan a kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando tun ranar farko. Akuya ba ta jiran gobe.

Yadda ake rabo

Kayan lambu a ƙasar Hausa sun fi yawo ta hannu da hannu fiye da ta kanti. "Hajiya, don Allah in na'a-na'arki ta yi yawa a sam mini." "Baba, wannan rumman ɗin naka ina son reshe." Ba a cika hana wannan ba, kuma ba a cika sayarwa ba. Matsalar ita ce sau da yawa abin da aka bayar ba ya kamawa, ko ya kama ya fito daban da uwarsa, saboda kowace shuka da hanyar da take yarda a raba ta.

Masu kamawa ta reshe su ne mafi sauƙi. Zogale: a sari reshe mai kaurin hannun yaro, tsawon mita ɗaya, a binne kashi ɗaya cikin uku. Yana saurin ba da ganye, amma wanda aka shuka ta ƙwaya ya fi shi zurfin saiwa da jure fari, don haka in wurin ba ruwa sosai, roƙi ƙwayar. Ko wanne ka samu, in ya kai ƙugu ka datse kansa don ya yi rassa, in ba haka ba zai miƙe sama ganyen ya fi ƙarfin hannu. Rumman da lalle da shuwaka ana yankar reshe mai kaurin fensir, tsawon taƙi ɗaya ko ya ɗan fi, a zage ganyen ƙasa, a soka a ledar fiya-wata da aka huda aka cika da yashi da ɗan taki, a ajiye a inuwa. A kula kada a juya shi kai ƙasa, abin da ke faruwa fiye da yadda ake zato in reshen ya bi hannu biyu ko uku. Mai bayarwa ya yanke gindin a karkace, saman kuma a miƙe, mai karɓa ba zai ruɗe ba. Aguwa da bini-da-zugu da dashi, waɗanda ake shinge da su, sun saɓa wa sauran: a ƙarshen rani ake kafa su a busasshiyar ƙasa, bayan an bar yankan ya sha iska, domin danshi da wuri yana ruɓar da su.

Na'a-na'a da ciyawar shayi mai ƙamshin lemo tsaga gindinsu ake yi. Ayaba ɗan gindi ake cirewa, kuma a zaɓi mai siririn ganye mai tsini, a bar mai faffaɗan ganye, don mai siririn ganyen ya fi ƙarfi. Dabino ma ɗan gindi ne hanyarsa. Wanda ya shuka ƙwallon dabinon da ya ci a azumi zai jira shekaru, sannan kusan rabin abin da ya tsiro maza ne, ba sa 'ya'ya, matan ma ba lallai su yi zaƙin uwarsu ba. Ɗan gindin macen da aka san daɗinta, wanda ya riga ya yi nasa saiwoyin, shi ne kyautar da ta cancanci godiya. Gwanda ma akwai mace da namiji, kuma ba a gane su sai sun yi fure. A shuka uku a rami ɗaya, in sun nuna kansu a bar macen, a rage namiji ɗaya tak a gidan.

Gwaiba da lemun tsami akwai dabarar sa reshe ya yi saiwa tun yana jikin uwarsa. Cikin damina, a zaɓi reshe mai lafiya, a zagaye shi da wuƙa a ɓare ɓawo faɗin yatsu biyu, a kankare santsin da ke ƙasa, a dunƙula jiƙaƙƙiyar ƙasa mai taki a wurin, a naɗe da leda a ɗaure sama da ƙasa. Bayan wata biyu ko uku za a hango fararen saiwoyi ta cikin ledar. Sai a yanke daga ƙasa, a rage ganye, a rene shi a inuwa kafin a dasa. Irin wannan yana riga na ƙwaya haihuwa, kuma 'ya'yansa sak na uwarsa.

Mangwaro sai aure. Ana renon ƙwallon mangwaron gida mai zare, don shi ya san ƙasar, in ya kai kaurin fensir a datse shi a tsaga, a feƙe ɗan reshen wanda ake so kamar bakin gatari a cusa, ɓawo ya haɗu da ɓawo, a naɗe da leda tam. Ɗan aure kan fara haihuwa a shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo kuwa sai biyar zuwa bakwai. In za ka saya a kasuwa, ko ranar Alhamis ce a Shinkafi, duba tabon auren da idonka. Kuma duk tohon da ya fito ƙasa da tabon a cire shi, in ba haka ba gindin zai rinjayi amaryar, ka koma cin mai zare.

Ƙwayar iri tana da nata ƙa'idoji. In ka ga F1 a jikin ƙunshi, irin haɗi ne: zai yi kyau a shukar farko, amma abin da ka cire daga 'ya'yansa zai fito barkatai, don haka ba a ajiye shi, ba a kuma ba maƙwabci da sunan alheri. Tattasai da aka shuka kusa da barkono, ƙudan zuma na haɗa su, sai baɗi tattasan ya fito da yaji. A ɗebi iri daga shukar da ta fi lafiya, daga 'ya'yan farko da suka nuna sosai, ba ragowar ƙarshen kaka ba. Na tumatir a matse shi a kofi a bar shi kwana biyu zuwa uku ya yi tsami, a wanke, a shanya a inuwa. In ya bushe ƙayau a zuba a kwalba da ɗan toka a toshe, a rubuta suna da shekara. Irin albasa ba ya wuce shekara guda da ƙarfinsa, na kuɓewa da tumatir sukan kai uku ko fiye. Kafin ka ba wani tsohon iri, ƙirga ƙwaya goma ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma na mako ɗaya. In ƙasa da bakwai suka tsiro, ka gaya masa ya zuba da yawa.

Saura abin da ba a son faɗa don kunya: dashe yana tafiya da cuta. Manoman Kano da Kaduna da Katsina ba za su manta 2016 ba, shekarar da tsutsar tumatir da suke kira sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ƙwanta a jikin ganye yake, kuma dashe da kwandunan kaya na cikin hanyoyin da take bi daga gari zuwa gari. Saboda haka in an miƙo maka dashe, karɓa da hannu biyu ka yi godiya, amma in ka isa gida ka bincika. Juya bayan ganye ka nemi farin ƙuda da ƙwari masu kama da auduga. Ganyen tumatir da ya nannaɗe ya ƙanƙance ya yi rawaya, cuta ce da ba ta da magani, a ƙone shi. Ɗauraye saiwar guda ɗaya ka duba: in ka ga ƙulli-ƙulli kamar carbi, akwai tsutsar ƙasa da ido ba ya gani, kuma in ta shiga fangalinka za ta addabi tumatir da kuɓewa da gwanda shekaru. Dashen da ya tsallake wannan bincike ma a ajiye shi gefe guda mako biyu kafin a haɗa shi da sauran.

Shi ma mai bayarwa akwai abin da ke kansa. Ya yi ban ruwa da daddare kafin ranar cira, ya cira da sassafe ko bayan la'asar, da ƙasar gindin, ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu, musamman in kayan za su hau babur zuwa Zurmi ko Moriki. Ya kuma faɗi gaskiyar abin: daga ina ya samo shi, sau nawa yake ba shi ruwa a Afrilu, ko ya taɓa ciwo. Mai karɓa ya dasa a yammacin ranar, ya kafa masa ɗan kara ko ganyen dogon yaro ya yi masa inuwa kwana uku zuwa huɗu, sannan ya janye inuwar da yamma, ba da tsakar rana ba.